Giɓin Ƙashi a Aikin Canza Gwiwa: Yadda Ake Cike Shi Kafin a Ɗora Ƙarfe

Duk wanda aka ce masa sai an canza masa gwiwa, tambayoyinsa ba sa wuce uku: wane irin ƙarfe za a sa, na wace ƙasa ne, shekara nawa zai yi kafin ya lalace? Babu laifi a tambayoyin. Sai dai likitan da ya ɗaga hoton ƙashin yana dubawa, ba nan hankalinsa yake fara zuwa ba. Abin da yake so ya sani shi ne, a kan me ƙarfen zai zauna? Ƙarfen gwiwa ba ya riƙe kansa, ƙashin mutum ne ke ɗauke da shi. Idan wani ɓangare na ƙashin ya cinye ya bar giɓi, sai an yi maganin giɓin kafin a yi zancen ƙarfe. Ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne dashen ƙashi, wato a ɗauko ƙashi daga wani wuri a cike gurbin, a bar jiki ya haɗe su.

Sunan aikin ma yana ruɗar mutane. Ba cire gwiwa ake yi a jefar a kawo wata ba. Gwiwa mahaɗa ce ta ƙasusuwa uku: ƙarshen ƙashin cinya daga sama, kan ƙashin ƙauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba. Guringuntsi mai santsi ne ya lulluɓe fuskokinsu. Idan ya zaizaye har ƙashi ya fara gugar ƙashi, likita kan sa zarto ya fere fuskokin, kaurin da bai fi milimita 8 zuwa 10 ba, ya sa wa ƙashin cinya hular ƙarfe, ya ɗora faifan ƙarfe a kan ƙauri, ya sa roba mai tauri a tsakaninsu. Galibi da wani siminti na musamman ake kafa ƙarfen, irin wanda John Charnley ya yaɗa amfani da shi a Ingila wajen 1960 a aikin ƙugu. Fasalin gwiwar da ake sawa a yau kuwa ya samo tushe daga wadda John Insall da abokan aikinsa suka fito da ita a Niyok a 1974. Tun daga lokacin sharaɗi ɗaya bai canza ba: faifan nan na ƙauri yana buƙatar shimfiɗaɗɗen ƙashi mai ƙarfi a ƙarƙashinsa ta ko'ina, musamman a baki-baki inda ɓawon ƙashi ya fi tauri. Teburin da ƙafarsa ɗaya ba ta taɓa ƙasa, kowa ya san yadda yake yi idan an dafa shi. Haka faifan zai riƙa yi a kowane taku, har siminti ya tsage, ƙarfe ya saki.

Ina ƙashin ya tafi?

A tafiyar yau da kullum gefen ciki na gwiwa ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, kusan kashi biyu cikin uku. Shi ya sa amosanin gaɓɓai, wanda da yawanmu ke kira sanyin ƙashi, ya fi fara cin wannan gefen. Guringuntsi ya ƙare, ƙafa ta fara lanƙwasa ta zama baka, lanƙwasar ta ƙara tura nauyi kan gefen da ya riga ya gaji, ƙashin cinya ya yi ta niƙar kan ƙauri kamar ɗan dutsen niƙa a kan uwarsa. Shekara biyar, shekara goma, sai a tarar gefen ciki na ƙauri, can ta baya, ya zama gangara. Mai gwame kuwa gefen waje ne ke cinye masa.

A ƙasashen da ake zuwa asibiti da wuri, ba kasafai ake cin karo da babban giɓi a aikin farko ba, sai dai a aiki na biyu, wato idan an sake buɗe gwiwar don canza tsohon ƙarfen. A wajenmu abin ya sha bamban. Likitocin manyan asibitocin ƙashi na Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da na Enugu, sun saba ganin dattijuwar da ta zo tana rangaji hagu da dama, ƙafafu sun zama baka, bayan ta shafe shekaru ana ce mata tsufa ne. Kuɗin aiki na daga cikin dalilai, tsoron wuƙa ma haka. Akwai kuma ƙwayoyin kemis da ke kwantar da ciwon yau, ƙashi kuwa yana ci gaba da zaizayewa, ballantana masu siteroyid a ciki, waɗanda yawan shan su ke rarake ƙashi. Abin da ya fi damuna a nan shi ne, jinkirin da ake yi don gudun babban aiki shi ne ke mayar da aikin babba.

Ba amosani kaɗai ba ne. Wanda babur ya kayar, kan ƙaurinsa ya lotsa ciki, aka kai shi wajen mai ɗori, zai iya warkewa ya tashi, amma ƙashin a lotse zai haɗe. Kara da tsumma suna iya riƙe karayar tsakiyar ƙashi a wasu lokuta, sai dai ba sa ɗago ƙashin da ya nutse a cikin mahaɗa. Bayan shekaru, wannan lotsawar ita ce giɓin da likita zai tarar. Sikila na iya toshe hanyar jini wani yanki na ƙashi ya mutu ya rufta. Amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa shi ma yana cin ƙashi ya kuma tausasa ragowar.

Mafi girman giɓi dai a aiki na biyu ake ganinsa, lokacin da tsohon ƙarfe ya saki ko ƙwayoyin cuta suka shiga. Robar tsakani tana gogewa a hankali, ɓurɓushinta ya zuba, garkuwar jiki ta taso masa, rigimar ta ƙare a kan ƙashi: ya yi ta narkewa ta ciki kamar azarar da gara ta shiga, waje lafiya, ciki fanko. Ƙarfen da ya saki kuma yana motsi yana ƙara faɗaɗa raminsa. Hatta cire tsohon ƙarfen yakan taho da ɗan ƙashi, komai taka-tsantsan ɗin likita. Kuma hoton ƙashi na yau da kullum ya saba ɓoye girman ɓarnar, domin ƙarfe na kare ta. Shi ya sa ake neman hoton CT, wanda ke nuna ƙashi yanka-yanka, shi ya sa kuma gogaggen likita ke shiga ɗakin tiyata da shirin giɓin da ya fi wanda ya gani a hoto.

Abu biyu likita ke aunawa. Na farko, ramin yana da bango kewaye da shi, ko bangon ya faɗi? Ramin da ɓawon ƙashi ya kewaye kamar ƙwarya yake, abin da ka zuba zai zauna. Wanda bakinsa ya karye kuwa, sai an nemi abin da zai tsaya da kansa ya ɗauki nauyi. Na biyu shi ne zurfi da faɗi. Rabe-raben da aka fi amfani da shi, wanda ake kira AORI, taƙaitaccen sunan cibiyar binciken da ya fito daga cikinta, Gerard Engh da abokan aikinsa ne suka tsara shi a jihar Bajiniya ta Amurka a shekarun 1990. Mataki na ɗaya ƙaramin rami ne, ƙashin da ke ƙarƙashi lafiya lau. A mataki na biyu ƙashin da ke ƙarƙashin mahaɗa ya taɓu, gefe ɗaya ko duka biyu. Mataki na uku shi ne babban ɓangare ya tafi, wani lokaci har da wurin da jijiyoyin da ke riƙe gwiwa suke manne.

Mai karatu zai iya cewa, to me zai hana a ƙara yankan ƙaurin ƙasa-ƙasa har a wuce ramin, a samu shimfiɗa? Ana yin haka idan milimita kaɗan ne. Amma ƙashin ƙauri ƙarfinsa a sama yake. Duk milimitar da aka sauka, ƙashin na ƙara taushi yana ƙara tsukewa, kuma lafiyayyen ƙashi ne ake zubarwa don a daidaita shi da mara lafiya. Wani lokaci likita kan zaɓi ƙaramin faifai ya ɗan matsar da shi nesa da ramin. Idan giɓin bai kai milimita 5 ba, siminti kaɗai ya wadatar. Tsakanin 5 da 10 ana iya kafa noti a cikin ƙashin su zama ginshiƙai, a zuba siminti a kansu, dabarar da Merrill Ritter ya ba da rahoto a kanta a 1986. Da an wuce nan, siminti ba abin dogaro ba ne. Yana jure danna, ba ya jure zamewa, kuma gangarar ƙauri zamewa take jawowa. Kaurinsa idan ya yi yawa yana ɗan tsukewa wajen bushewa, yana iya tsagewa. A nan ne ake zaɓi tsakanin ƙarin ƙarfe da ƙarin ƙashi.

Ƙashinka a gurbin ƙashinka

A aikin farko, likita yana da wata dukiya a kan tebur wadda ba a saya ba: gutattsarin da ya yanko daga ƙarshen ƙashin cinya da lafiyayyen gefen ƙauri. A aikin da babu giɓi zubar da su ake yi. Idan da giɓi, su ne kayan gyara. Na mutum ne, jiki ba zai ƙi su ba, ba za su kawo cutar wani ba, ba sai an buɗe wani wuri an ɗebo ba, kuma ba su ƙara ko sisi a kuɗin aiki. Lawrence Dorr da abokansa, da kuma Windsor da Insall da Sculco, sun bayyana yadda ake yi a 1986, kuma ƙa'idojin da suka shimfiɗa har yau su ake bi.

Farko sai an gyara gurbin. Ƙashin da ya daɗe ana niƙarsa yakan yi tauri ya yi sheƙi kamar hauren giwa, jini ba ya ratsa shi, kuma abin da jini bai ratsa ba ba ya haɗewa da komai. Likita zai fere wannan ɓawon har ya kai ga ƙashi mai kama da soso da ke tsattsafo da jini, ko ya huhhuda shi da ƙaramin abin huji. Wasu suna barin gurbin a karkace su daidaita shi, wasu suna sassaƙa shi ya zama matakala, domin abin da aka ɗora a kan matakala ya fi wanda aka jingina a gangara zama. Sannan a sassaƙa guntun ƙashin daidai da gurbin, aikin kafinta sosai, fuska ta haɗu da fuska babu rata. A riƙe shi da siraran wayoyi, a ɗaure da noti ɗaya ko biyu, a nutsar da kawunansu yadda ba za su taɓa faifan ba, sannan a sa zarto a daidaita samansa da sauran ƙaurin.

Akwai wani ƙaramin abu da ke iya ɓata aikin duka: siminti ya kutsa tsakanin dashen da uwar ƙashin. Idan ya shiga ya zama katanga, jini ba zai ƙetara ba, dashen zai zauna a mace. Saboda haka ake toshe bakin haɗin kafin a danna faifan. Dole kuma faifan ya rufe dashen gaba ɗaya, domin ƙashi da nauyi yake rayuwa, ɓangaren da ya leƙo waje ba ya ɗaukar komai, jiki zai narkar da shi. Nauyin kuma kada ya yi yawa. Shi ya sa ake miƙe ƙafar sosai yadda nauyi zai bi tsakiya, idan giɓin babba ne a ƙara wa faifan doguwar sandar ƙarfe da ke shiga kogon ɓargo, ta kwashe wani ɓangare na nauyin ta kai shi ƙasa inda ƙashi ke da lafiya.

Abin da ke faruwa bayan an ɗinke fata shi ne ya fi ba ni mamaki a duk wannan lamari. Mutane suna ɗauka dashen mannewa yake yi kamar an sa gam. Ba haka ba ne. Mafi yawan ƙwayoyin halittar da ke cikin guntun mutuwa suke yi, tunda an raba su da jininsu. Abin da ya rage shi ne ginin kansa, da ramukansa da lungunansa. Ƙananan hanyoyin jini sai su fara kutsowa daga uwar ƙashin, suna tafe da ma'aikata iri biyu: masu rushe tsohon ƙashi da masu gina sabo. Kaɗan-kaɗan suke yi, kamar mai sauya azarar ɗaki ɗaya bayan ɗaya alhali mutane na kwana a ciki. Dallas Phemister na Amurka ya siffanta wannan musanya mai rarrafe tun 1914. A 1965 kuma Marshall Urist ya nuna cewa a cikin ƙashi kansa akwai sinadaran da ke kiran jiki ya zo ya yi gini. Ƙashin mutum na kansa ya haɗa abu uku: ragowar ƙwayoyi masu rai, da wannan kira, da matattakalar da sabon ƙashi zai bi. Babu wani abin cike giɓi da ya haɗa ukun kamarsa.

Haɗarin yana tsakanin rushewa da ginawa. Akwai lokacin da tsohon ya fara raguwa, sabon bai gama ƙarfi ba. Idan a lokacin nauyi ya yi yawa, ko dashen yana motsi, ko jini bai isa ba, sai ya narke ko ya rufta, faifan ya karkata. Haɗewar kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ta bayyana a hoto, sauyawar ciki kuwa tana kai shekara ko fiye.

Idan na mutum bai isa ba

A aiki na biyu babu gutattsarin da za a tsinta, an riga an yanke su tun farko. Ana iya ɗebowa daga ƙashin ƙugu, amma kaɗan ake samu, kuma wurin yakan daɗe yana ciwo. Sai a koma ga ƙashin wani mutum. Wannan ba sabon abu ba ne. Wajen 1880, William Macewen a Gilasgo ya sake gina ƙashin dantsen wani yaro da ruɓa ta cinye, da gutattsarin da ya yanko daga ƙafafun wasu yaran da yake miƙe wa ƙafa, hannun kuma ya yi wa yaron aiki har ya girma. A 1949 rundunar sojan ruwan Amurka ta kafa ma'ajiyar sassan jiki a Bethesda, wadda ta zama abin koyi ga bankunan ƙashi na zamani.

Mafi yawan ƙashin da ake amfani da shi a gwiwa kan ƙashin cinya ne, dunƙulen nan da ake cirewa daga mai rai idan an canza masa ƙugu, wanda in ba don haka ba zubar da shi za a yi. Da izininsa ake ajiyewa. Ana gwada jininsa don ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, a daskarar da ƙashin a sanyin digiri 70 zuwa 80 ƙasa da sifili, wasu wuraren kuma su haska shi da wani haske mai ratsa jiki da ake kira gamma don kashe ƙwayoyin cuta, ko da yake hasken idan ya yi yawa yana rage masa ƙarfi. Tsaurin nan yana da dalili: a 1988 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wadda ta kamu da ƙanjamau ta hanyar dashen ƙashi, daga wanda ba a gwada ba. Da gwajin zamani haɗarin ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Ba kamar dashen ƙoda ba, wanda aka sa wa daskararren ƙashi ba ya buƙatar shan maganin danne garkuwar jiki, domin sanyi da wanki sun kashe ƙwayoyin da jiki zai yi faɗa da su. Wannan fa'idar ita ce kuma rauninsa: matattakala ce kawai, babu rai a ciki, haɗewarsa ta fi jinkiri.

Tambayar halacci takan taso, kuma ya kamata ta taso. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar wani sashe daga jikin mutum a mayar a wani wuri a jikinsa, ta halatta amfani da sashen da aka cire wa wani saboda rashin lafiya, da na mamaci idan shi ko magadansa sun yarda, ta kuma hana saye da sayarwa. Dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ita ma ta hana cinikin sassan jiki. Matsalarmu ta fi karkata ga kayan aiki: bankin ƙashi yana son firjin da wuta ba ta yanke masa dare da rana, da ɗakin gwaji, da rijista mai tsari. Inda babu waɗannan, ƙashin wani ba zaɓi ba ne da za a dogara da shi.

Hanya biyu ake sa shi. Idan ramin mai bango ne, a niƙa ƙashin ya zama ƙwayoyi kamar girman wake, a wanke kitsen, a zuba a yi ta dannawa hawa-hawa, tamkar yadda mata ke daɓe da madaɓi har ƙasa ta yi tauri. Tom Slooff ne ya fara wannan a Nijmegen ta ƙasar Holan a ƙarshen shekarun 1970, a aikin ƙugu, daga baya aka kawo dabarar gwiwa. Inda bango ya ɗan faɗi, ana iya kafa ragar waya ta tare. Jini na ratsa irin wannan daɓen da kyau, kuma da yawansa yakan koma ƙashin mutum na gaske. Idan kuwa babban ɓangare ne ya tafi, sai a sassaƙa dunƙulen ƙashin ya maye gurbin, a ɗaure, a wuce ta cikinsa da doguwar sanda. Irin wannan yana ɗaukar nauyi tun ranar farko, amma binciken da aka yi a kan waɗanda aka ciro daga baya ya nuna baki-baki ne kawai ke rayuwa, milimita kaɗan, tsakiyar tana nan a mace shekara da shekaru. Mataccen ƙashi ba ya gyara tsagewarsa, ba ya kuma korar ƙwayar cuta. Wani rahoto da Clatworthy da Allan Gross da abokansu suka fitar a 2001 ya nuna kashi 72 cikin 100 na irin wannan dashen ne ke tsaye bayan shekara goma.

Wannan adadin na daga cikin abin da ya sa ƙarfe ya karɓe kasuwa a manyan giɓi. Akwai tubalan ƙarfe da weji da ake ɗaure wa faifan ta ƙasa, masu cike milimita 5 zuwa wajen 20. Akwai kuma wani abu mai siffar mazurari da ake ƙerawa da tantalam ko taitaniyam, jikinsa duk huji kamar soso, har kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na jikin mai tantalam ɗin huji ne, yadda ƙashi zai tsiro ya shige ciki ya riƙe shi. Likitocin asibitin Mayo na Amurka sun fitar da sakamakon farko a kansa a 2008. A 2015 Rhidian Morgan-Jones da abokansa suka tsara tunanin da ake bi yanzu: ƙashin gwiwa hawa uku ne, fuskar mahaɗa, da faffaɗan wuyan da ke ƙarƙashinta, da gorar ƙashin, kuma ƙarfe sai ya samu riƙo mai kyau a aƙalla biyu daga ciki. Ana kuma da ƙashin roba na sinadarin kalsiyam, amma ƙananan ramuka yake cikewa, ba ya ɗaukar nauyi.

Ƙarfe ya fi sauri, ba ya narkewa, mutum na iya takawa da wuri. Sai dai yana da tsada, daga waje ake kawo shi, kuma sau da yawa sai an ƙara yanke lafiyayyen ƙashi kafin ya zauna. Ƙarfe cike giɓi yake yi, ba ya mayar da abin da ya tafi. A nan ne shekarun mutum ke shigowa. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka canza suna kai shekara 25. Wani kuma da ta buga a 2017 daga Birtaniya ya nuna wanda aka yi wa aikin bayan ya haura 70, yiwuwar a sake buɗe shi a ragowar rayuwarsa wajen kashi 5 ne, amma namijin da aka yi wa yana farkon shekarunsa na 50, abin yana kai kashi 35. To dattijo mai shekara 75 da ƙashinsa ya yi taushi, wanda zaman gado zai fi cutar da shi, ƙarfe ko siminti ya fi masa. Mai shekara 50 kuwa, ko matashin da sikila ko haɗari ya kawo shi, akwai yiwuwar wani likita zai sake buɗe gwiwar nan gaba, kuma abin da zai fara nema shi ne ƙashi. A ganina, a wurinmu da masu babban giɓi ke zuwa tun a aikin farko, gutattsarinsu na kan tebur, kayan aiki na biyu kuma suna da wuyar samu, dashen ƙashin mutum na kansa ya cancanci a fara duba shi kafin a miƙa hannu ga tubalin ƙarfe. Yana cin lokaci a ɗakin tiyata, yana son hannu mai haƙuri, amma yana mayar da ƙashi mai rai a gurbin da ƙarfe cikewa kawai zai yi.

Sharaɗi guda ba a sassauta shi: ba a dasa ƙashi inda ƙwayoyin cuta suke. Idan ruɓa ce ta saki ƙarfen, galibi sai an cire komai, a wanke, a sa siminti mai ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta ya riƙe wurin, a yi makonni ana magani, gwaji ya nuna an samu sa'a, sannan a dawo a yi gini.

Rabon mara lafiya a aikin ba ƙarami ba ne. Taba sigari da shisha suna tsuke ƙananan hanyoyin jinin da dashen ke jira, barinsu makonni kafin aiki da bayansa yana da tasiri na gaske. Ciwon suga sai an daidaita shi. Allurar siteroyid a cikin gwiwa a wata ukun da suka gabaci aiki tana ƙara haɗarin ruɓa, don haka a faɗa wa likita idan an yi. Ƙiba ma abin dubawa ce, domin kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Kafin a sa hannu a takarda, mutum na da haƙƙin ya tambaya: akwai giɓi a ƙashina? Da me za a cike shi? Idan an buɗe an tarar ya fi yadda ake zato, akwai kayan a ajiye? Wanda kuma ya je Indiya ko Masar aka yi masa, kada ya baro asibitin ba tare da bayanin aikin a rubuce ba, da sunan kamfanin ƙarfen da lambar girmansa, domin likitan da zai duba shi a gida da su zai yi aiki.

Bayan aiki, umarnin takawa ya danganta da girman dashen. Mai ƙaramin rami da aka daɓe yakan tashi ya taka washegari kamar kowa. Mai babban guntu ana iya ce masa ya raba nauyi da sanda na mako shida zuwa wata uku, kuma rashin jin ciwo ba hujja ba ce ta yar da sandar, tunda dashen ba ya da jijiyar da zai yi ƙorafi. Gashin ƙashi dai ana fara shi da wuri don kada gwiwar ta sandare. Yawancin gwiwoyin da aka canza suna lanƙwasa digiri 110 zuwa 120, wanda bai kai na zaman tahiya ba, saboda haka salla a kan kujera ita ce ta dace a watannin farko, daga baya a bi shawarar likita. Kumburi mai zafi, ko ruwa daga ɗinki, ko zazzaɓi, ko ciwon da ya dawo bayan ya tafi, ko ƙafa ta fara komawa baka, duk ba na jira ba ne, ruwa ba ya tsami banza.

Komawa ɗaukar hoto yana cikin aikin, ko da mutum yana jin garau. A hoton farko ana ganin wani siririn layi tsakanin dashen da uwar ƙashin. Likita zai jera hoton mako shida da na wata uku da na wata shida, yana duba ko faifan ya karkata, ko noti ya motsa, ko guntun ya rage tsawo. Abin da yake jira shi ne layin nan ya dushe, zaren ƙashi su ƙetara daga wannan gefe zuwa wancan, har ya kasa nuna inda dashen ya fara. Ranar da ya ga haka ne yake cewa a ajiye sanda.